Tambayoyin Masu Karatu: Yoyon Ruwa a Tsohuwar Mota Mai Ɗaki

Wasiƙu uku ne a fitowar wannan wata, dukkansu daga cikin birnin Kano, kuma dukkansu a kan ruwan da yake yoyo a mota ya yi ɓarna. Ta farko ce za ta ci mafi yawan filin, saboda irin motar da ake magana a kanta ba kowane bakanike ne ya taɓa buɗe cikinta ba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, shekara biyu ke nan da na sayi wata tsohuwar mota 'yar kwatano, irin wadda Turawa suke yawon buɗe ido da ita, mai gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, an ɗora ta a kan Fiat Ducato ƙirar 2004. Na saye ta ne domin in riƙa kwana a gonata da ke hanyar Tudun Wada lokacin shuka da girbi. A daminar farko ban ga komai ba, amma a ta bana tabo ya fito a silin daidai saman gado, bangon da ke ƙarƙashin tagar baya ya yi laushi, kuma idan motar ta kwana biyu a rufe sai warin funfuna ya tare mutum tun daga ƙofa. Na kai ta wajen wani fanel-bita ya shafe rufin da silikon har kwalba shida, ruwan bai daina ba. Yanzu kuma wani ya ce in zuba kwalta a kan rufin gaba ɗaya. Malam, ta ina ruwan nan yake shiga, kuma motar tana da sauran gyara ko in rabu da ita?

Mai karatu daga unguwar Hotoro.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya yi wa gonar albarka. Abu na farko, don Allah ka dakatar da maganar kwalta har ka gama karanta wannan amsa.

Kuskuren da aka yi wa motarka ya samo asali ne daga ɗaukarta tamkar Hiace ko Coaster, alhali gininsu ba ɗaya ba ne. Gaban motar, wato inji da mazaunin direba, ƙarfe ne da aka ƙera a Italiya, amma ɗakin da ke baya wani kamfani ne dabam ya ɗora shi, kuma bangonsa da rufinsa hawa uku ne aka manne wuri guda: siririn fallen alminiyam ko faiba daga waje, soso mai tauri a tsakiya domin tare zafi da sanyi, sannan siririn filawud daga ciki. A yawancin motocin wancan zamani akwai sandunan katako da aka jera a cikin soson, a gefen kowace taga da kowace ƙofa da duk inda rufi ya haɗu da bango, kuma a jikin wannan katako ne kowane sukuru yake kamawa. Tagogi, da tagar sama ta shan iska, da eriya, da tsani, da fitilun gefe, da maƙalin rumfa, duk rami aka huda a jikin ɗakin aka zaunar da su a kan wani gam mai laushi. Wannan gam shi kaɗai ne shamaki tsakanin ruwan sama da katakon.

Masu irin wannan mota sukan ɗora wa damina laifi, amma a ganina a Kano rana ce take yin ɓarnar, damina kuwa zuwa take yi ta tona asiri. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40 a inuwa, rufin da yake kallon rana kai tsaye kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba. Alminiyam yana miƙewa idan ya yi zafi, yana tsukewa idan ya huce, kuma rufi mai tsawon mita 6 yana iya motsawa da kimanin milimita 5 da rabi idan bambancin zafi ya kai digiri 40, irin bambancin da ake samu tsakanin tsakar rana da asuba, ko kuma lokacin da ruwa mai sanyi ya sauka a kan rufin da ya wuni yana toyuwa. Katakon da ke ƙarƙashinsa ba ya miƙewa daidai da shi, don haka gam ɗin ne yake shanye bambancin a kullum. Gam ɗin da ya haura shekara 20, hunturu ya busar da shi, bazara ta ƙona shi, ramukan hanyar gona suka jijjiga shi, dole ne ya bushe ya tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ina kyautata zaton tun a daminar farko ruwan ya fara shiga, soso da katako ne suka riƙa shanye shi har suka ƙoshi, sannan a bana ya fito fili.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne, inda ka ga tabo ba lallai ne nan ruwan yake shiga ba. Ruwa yakan shiga ta ramin sukuru guda ɗaya a gaban mota, ya bi sandar katako ko wayar lantarki, ya yi tafiyar mita biyu ko uku gwargwadon yadda motar ta karkata a inda ake ajiye ta, sannan ya ɗigo a saman gado. Shi ya sa kwalba shida ta tafi a banza, domin mai gyaran ya bi tabon ne ya yi ta shafa a samansa.

Kafin a hau rufi kuma, sai an tabbatar ruwan sama ne. Motarka tana ɗauke da nata ruwan a tanki da bututu, sannan akwai gumin da yake taruwa a jikin taga da bango idan an kwana a ciki ko an yi girki a rufe. Tabon silin da ya fito a damina kusan kullum na ruwan sama ne, amma bangon da ya yi laushi a ƙasa yana iya zama na bututu idan yana maƙwabtaka da banɗaki ko wurin wanke-wanke. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a zubar da ruwan tanki duka, a bar motar ta sha ruwan sama sau biyu ko uku, idan wurin ya ci gaba da jiƙewa to daga waje ne.

Binciken ciki ya fi buƙatar hanci da yatsa. Ka buɗe kowace durowa da kowane akwatin ƙarƙashin kujera, ka ɗaga katifa, ka haska tocila a kusurwoyi, ka riƙa danna bango da babban yatsa, musamman ƙarƙashin tagogi, da kusurwoyin baya guda biyu, da daɓen da ke bayan tayoyin baya. Idan motarka irin mai gadon da ya leƙo saman direba ce, ka ba wannan wuri lokaci mai yawa, domin shi ne yake karɓar ruwa da iska gaba da gaba idan ana gudu, kuma nan ne ya fi saurin ruɓewa. Bango mai lafiya yana da tauri, yana ba da amo idan an ƙwanƙwasa shi. Wanda ya sha ruwa yakan lotsa, takardar jikinsa ta yi ƙuraje ko baƙin tabo. Akwai kuma wata ƙaramar na'urar auna danshin katako mai allura biyu, wadda ake iya yin odarta ta intanet, kuma ga mai irin wannan mota ta cancanci kuɗinta. Ƙa'idar da masu gyaran waɗannan motoci suke bi a Ingila ita ce, abin da bai kai kashi 15 cikin 100 ba lafiya lau ne, daga 15 zuwa 20 a sa ido, abin da ya haura 20 a bincika, wanda ya kai 30 kuwa katakon ya jiƙe sharkaf kuma akwai yiwuwar ya fara ruɓewa. Amfaninta babba shi ne, idan ka riƙa aunawa taki-taki kana rubuta lamba da fensir a jikin bango, lambobin za su riƙa hawa yayin da kake kusantar mashigar ruwan. Sai dai kada allurar ta taɓa ƙarfe, domin za ta ba ka lamba ta ƙarya.

Daga nan sai waje. Kada kowa ya taka rufin kai tsaye, domin ba kowane rufi ne aka yi shi don ɗaukar mutum ba, balle wanda ake zargin katakonsa ya ruɓe; a shimfiɗa faffaɗan filawud mai kauri a durƙusa a kansa. A wanke rufin tukuna, domin ƙurar hunturu tana ɓoye tsaga. Wuraren da na fi zargi a motarka su ne gefen tagar sama, wadda yawanci ramin santimita 40 da 40 ne aka yanka mata, sai gindin eriya, sai dogon ƙarfen alminiyam da ya rufe mahaɗar rufi da bango, sai inda ɗakin ya haɗu da ƙarfen gaban mota. A tsakiyar wannan dogon ƙarfe akwai siririyar roba da ta rufe kawunan sukuru, kuma ita ce rana take fara cinyewa, ta tsuke ta bar giɓi a ƙarshe. Ka zare ta, ka kwance sukuru biyu ko uku ka duba. Sukurun da ya fito fes yana nuna wurin a bushe yake. Wanda ya fito da tsatsa ko baƙin danshi, ko wanda yake juyawa ba ya kamawa, ya riga ya faɗa maka halin da katakon yake ciki. Ban san wata shaida da ta fi wannan gaskiya a aikin nan ba.

Idan ido bai gano ba, sai a yi gwajin tiyo, kuma aiki ne na mutum biyu da haƙuri. Mutum ɗaya zai zauna a ciki da tocila, ɗayan yana waje da tiyo mai zubar da ruwa a hankali kamar yayyafi, ba mai ƙarfi irin na 'yan wankin mota ba. A fara daga ƙasa ana hawa sama, daga ƙofofin akwatunan gefe zuwa tagogi, sannan mahaɗar rufi, sannan abubuwan da ke kan rufin ɗaya bayan ɗaya, ana ba kowane wuri minti goma ko fiye kafin a matsa. Wanda ya fara daga sama ya jiƙa komai lokaci guda, ko ruwa ya ɗigo ba zai san ta ina ya bi ba. Tun da an ambaci 'yan wankin mota, ka hana su harba injin feshi a gefen tagogi da ragar iskar firji, domin ƙarfinsa yana cusa ruwa inda ruwan sama ba zai taɓa kaiwa ba.

Gyara na gaskiya shi ne a cire abin da yake yoyo a sake zaunar da shi, domin gam ɗin da yake hana ruwa yana ƙarƙashinsa ne, ba a samansa ba. Idan tagar sama ce, a kwance ta daga ciki, a zura siririyar wuƙa a yanke tsohon gam, a ɗaga ta a hankali don kada robarta da rana ta gasa ta karye. A kankare tsohon gam ɗin tas da abin kankara na roba, a goge wurin da sifirit, a bar shi ya bushe. Sannan a shimfiɗa tef ɗin butil, wani gam ne mai kama da cingam da ake naɗe shi kamar tef, wanda ba ya bushewa, shi ya sa yake bin motsin alminiyam kuma yake barin a sake cire tagar wata rana ba tare da an yaga rufi ba. A mayar da tagar, a ɗaure ta da sabon sukuru wanda ba ya tsatsa, kaɗan-kaɗan ana zagayawa har gam ɗin ya ɗan tumbatso ta kowane gefe, a yanke abin da ya fito. Bayan kwana biyu a sake ɗan matsawa, domin butil yakan zauna. Daga nan ne ake bin gefen da kan kowane sukuru da gam na kwalba irin wanda aka yi don jikin mota. Sikaflex 221 sananne ne a wannan aiki, amma wurin da zai zauna a fili cikin rana gara Sikaflex 522 ko makamancinsa, domin ya fi jure hasken rana. Ka fara cigiyarsu a Kofar Ruwa da wajen masu kayan gini na Sabon Gari, ka kuma duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwalbar, domin wanda ya daɗe a shago mai zafi yakan daskare tun a ciki. Irin wannan gam da danshin iska yake nuna, 'yan milimita kaɗan a kowace rana, saboda haka a bushewar hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da abin da aka rubuta a jikinsa. A bar motar a tsaye kwana biyu ko uku kafin a hau hanya.

Silikon da aka shafa maka kuwa ya ƙara aiki. Ba ya daɗewa manne da alminiyam mai fenti da yake motsi kullum, yakan ɗago ta gefe ya zama aljihun da ruwa yake kwanciya a ƙarƙashinsa, irin mai warin tsami kuma yana cin ƙarfe. Mafi muni, babu wani gam da yake kamawa a inda silikon ya taɓa, har shi kansa sabon silikon, don haka dole a kankare shi duka har sai babu santsinsa a jikin fenti. Wannan aikin wuni biyu ne ga mutum mai haƙuri, kuma ina ba da shawarar ka tsaya a kansa da kanka. Kwalta ta fi shi illa: baƙa ce tana jan zafi, tana narkewa a bazara ta tsage a hunturu, tana binne mashigar ruwan ta yadda ba za a sake ganinta ba. Sannan yawanci da fetur ko kananzir ake sirka ta, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda masu liƙin kwanon rufi suke narkar da farin soson kwali a cikin fetur ya san abin da zai faru idan ta tsiyaya ta cikin tsaga ta isa soson da ke cikin rufinka. Haka nan kada a kusanto da tina ko fetur wajen tagogin ɗakin, domin roba ce mai kama da gilashi, tana tsattsagewa idan sun taɓa ta.

Saura bangon da ya yi laushi. Toshe mashigar ruwa ba ya fitar da ruwan da ya riga ya shiga, kuma katakon da aka kulle shi da danshi zai ci gaba da ruɓewa. Wannan aikin kafinta ne mai hannu, ba na fanel-bita ba, kuma daga ciki ake yin sa, ba a taɓa fallen waje. A cire tagar, a yanke filawud ɗin ciki har a wuce inda ya lalace a iske mai lafiya, a fitar da duk katakon da sukundireba take nutsewa a cikinsa, a bar wurin a buɗe ya sha iska. A nan hunturu abokinka ne, domin makonni biyu ko uku na iskar Disamba suna yin abin da Turawa suke kunna na'ura su biya kuɗin wuta a kansa. Ka je 'Yan Katako na Na'ibawa ka zaɓi busasshen katako, domin ɗanye zai tsuke ya saki sukuru. A shafa masa maganin gara, tun da motar tana kwana a gona kuma gara ba ta ƙin jiƙaƙƙen katako, amma a bar maganin ya bushe sarai kafin katakon ya taɓa soso. Duk wayar lantarki da aka samu a wurin a kira mai rewaya ya duba ta, domin motar tana da layin wutar batir mai bolt 12 da kuma layin wutar gida mai bolt 230. Katifa da labulen da suka yi funfuna a fitar da su rana, kuma mai asma ko ƙaramin yaro kada ya kwana a ciki sai warin ya tafi.

Idan ruwa bai ɗauke ba tukuna, kada a fara babban aikin. A ajiye motar ƙarƙashin rumfa, ko a rufe ta da tamfol tare da sa wani abu a tsakani domin iska ta riƙa wucewa, a yaye shi duk ranar da aka samu rana a buɗe tagogi, kuma a tsayar da ita a ɗan karkace yadda ruwa ba zai kwanta a rufi ba. Bayan an gama gyara, ka riƙa hawa duba rufin sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu kafin ruwan farko mai zuwa da guguwa, da kuma Oktoba bayan ɗaukewarsa, sannan ka yi mata rumfar kwano a gida da gona.

Game da rabuwa da ita, abin da ka bayyana, wato tabo ɗaya a silin da laushi a ƙarƙashin taga ɗaya, bai kai a haƙura ba. Abin da zai sa in ce ka sake tunani shi ne idan aka buɗe aka iske ruɓewar ta bi mahaɗar bango da daɓe tsawon gefe guda, ko gadon saman direba ya fara sunkuyowa, domin a nan kuɗin gyara yana iya haura darajar motar. Idan har ka yanke shawarar sayarwa, ka nuna wa mai saye wurin da hannunka, domin ɓoye aibin kaya ba ya halatta.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Mai gidana yana da irin wannan mota, muna tafiya da ita da yara idan za mu biki ko ziyara mai nisa. Kwanan nan injin da yake tura ruwa zuwa famfo yana tashi da kansa cikin dare, ya yi ƙara na ɗan lokaci ya yi shiru, alhali duk famfunan a rufe suke. Ruwan tanki kuma yana saurin ƙarewa. Shin injin ne ya lalace?

Wata mai karatu daga Gwammaja.

AMSA

Barka kadai, Hajiya, a gaishe da mai gida da yara. Da alama injin yana aikinsa ne daidai. Irin wannan inji yana da makunni da yake jin ƙarfin ruwan da ke cikin bututu: idan an buɗe famfo ƙarfin ya ragu sai ya tashi, idan an rufe ƙarfin ya cika sai ya tsaya. Tashinsa da kansa yana nufin ƙarfin yana zurarewa ta wani wuri, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Akwai hanyoyi biyu. Wani lokaci ruwan komawa yake yi cikin tanki ta cikin injin, saboda yashi ya maƙale a bawul ɗin da yake hana shi komawa baya. Wannan ya zama ruwan dare a nan, inda ake cika tanki da ruwan 'yan garuwa ko na rijiyar burtsatse, kuma maganinsa shi ne a kwance 'yar matatar da ke bakin injin a wanke, a ɗauraye tankin, a riƙa tace ruwa kafin a zuba. Amma a wannan hali ruwan tanki ba ya raguwa. Tun da kin ce naku yana ƙarewa, to fita yake yi, kuma sai an nemo inda yake zuba.

A cika tanki, a kunna injin har ya tsaya, a tsayar da motar a kan busasshen siminti a leƙa ƙarƙashinta. Idan ruwa yana zuba ta wani ɗan bututu kusa da hitar ruwan wanka, to bawul ɗin zubar da ruwanta ne ya buɗe. An sa shi ne domin ya zubar da ruwa kafin ƙanƙara ta fasa tukunyar a sanyin Turai, kuma wasu tsofaffin irinsa suna buɗewa da kansu idan wutar batir ta ɗauke, sai a mayar da shi da hannu. Idan ba nan ba ne, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗar bututu, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da bayan masai, da gefen hita, da gindin injin, a dawo bayan awa ɗaya. A yawancin motocin Turai bututun mai kaurin milimita 10 ko 12 ne, wasu da kilif ake matse shi, wasu kuma cusa shi ake yi cikin mahaɗa mai zoben roba. Jijjigar hanya tana sassauta kilif, zafi kuma yana busar da zoben. Sau da yawa ana samun gindin famfo ko tukunyar hita da tsohuwar tsaga tun daga ƙasar da aka kawo motar, inda ruwa ya daskare a ciki. A sauya abin da ya tsage, kada a naɗe shi da robar tayar keke, domin bututun kullum cikin matsi yake. Tiren da ake tsayawa a kai a yi wanka shi ma a duba kusurwoyinsa da bakin magudanarsa, ko da yake tsagarsa ba ta tayar da inji. Hitar tana aiki da gas, saboda haka ɓangaren gas ɗin a bar wa wanda ya san aikin.

Kafin a gano wurin, ku riƙa kashe makunnin injin duk dare da duk lokacin da za ku bar motar, domin idan mahaɗa ta fice babu kowa a kusa, injin zai juye tankin gaba ɗaya a kan daɓen katako.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ni tawa ba mai ɗaki ba ce, Sharan ce nake haya da ita daga Kano zuwa Kaduna. Duk lokacin da aka yi ruwa sai kafet ɗin gaba ya jiƙe, kuma na sauya robar ƙofa amma bai daina ba.

Direba daga Unguwa Uku.

AMSA

Sannu da ƙoƙari, Malam direba. Robar ƙofa ba kasafai take zama mai laifi ba. Ka buɗe bonet ka duba kwarin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa. Ruwan da ya gangaro daga gilashi a nan yake taruwa ya fita ta wasu ƙananan ramuka, kuma ganyen darbejiya da ƙurar hunturu suna haɗuwa su zama laka su toshe su, sai ruwan ya cika ya bi ta mashigar iskar fanka ya sauka a kan kafet. A kwashe lakar, a zuba ruwa da buta a ga ya fita ta ƙasa. Idan motar tana da tagar rufi, akwai siraran bututu a kusurwoyinta da suke bi ta cikin ginshiƙan mota. A zura musu igiyar roba mai ɗan tauri a hankali, kada a sa wayar ƙarfe ko iskar falkanaiza mai ƙarfi, domin suna iya huda bututun ko su fizge shi daga mazauninsa. Idan kuwa kafet ɗin yana jiƙewa har a ranar da ba a yi ruwa ba, ka shinshina ruwan ka taɓa shi: mai sanyi marar wari daga bututun zubar da gumin na'urar sanyaya mota yake, mai santsi da ɗan launi kuwa ruwan lagireto ne da yake yoyo daga hitar da ke bayan dashbod. Ko wanne ne, a ɗage kafet ɗin a fitar da soson ƙarƙashinsa ya bushe a rana, domin akwai wayoyin lantarki da mahaɗansu a shimfiɗe a wurin.